Makunnin Ɗakin Auta

Shekara ashirin ina gyaran wuta, ban taɓa barin gidan mutum cikin duhu ba. Shi ya sa da likita ta zana zare biyu a takarda suna fuskantar juna, sai na ji hankalina ya kwanta.

"Nan jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke miƙa wa juna saƙo," in ji ta. "Akwai ƙwayar halitta da ke kula da wannan mahaɗar. Ta 'yarka ba ta aiki yadda ya kamata."

Auta shekararta biyar, ba ta taɓa cewa Baba ba. Kalmar nan kaɗai nake nema a duniya.

Na ce, "Ashe haɗi ne ya kwance! To likita, a buɗe a ɗaure mana."

"Malam, ba ɗaya ba ne. Miliyoyi ne."

"A fara da ɗaya. Ni ma gidan sama ɗaki-ɗaki nake binsa."

Matata ta taka min ƙafa. Ban fasa ba, ni da a wajen aiki ko ruwa ba na roƙo. Na ce a ɗebi tawa ƙwayar halittar a sa mata. Likita ta girgiza kai, ta ce wataƙila Auta ta yi magana, wataƙila ba za ta yi ba har abada. Wallahi na tsani takardar nan da zanenta.

Sai likita ta tambaya, "Idan tana son ku zo, me take yi?"

Na ce ba ta yin komai.

"Tana yi," in ji matata, ba ta ko dube ni ba. "Makunnin ɗakinta take dannawa. Fitilar baranda ta kama, ta mutu, ta kama, sai ka taso kana faɗa."

Haka ne kuwa. Ƙwai huɗu ta ƙona min. Mako uku da suka wuce na gaji, na kwance makunnin, na yanke wayar, na naɗe ta da salatif, na mayar da makunnin wurinsa. Har yabon kaina na yi, aiki ya yi kyau.

Ban san yadda muka iso gida ba. Ƙanwata da muka bar wa Auta ta ce tun safe tana ɗaki, ta ƙi fitowa.

Na leƙa. Tana tsaye a kan kujera, ta kafe ƙofa da ido, ɗan yatsanta a kan makunnin da na yanke wa waya. Tana dannawa, tana jira, tana sake dannawa.