Sunan Ɗan Fari

Mu matan ƙungiyar man gujiya ta Cadawa, masu matsar gyaɗa, sharaɗi ɗaya muka kafa da muka tashi neman direban motonmu mai ƙafa uku: sai mai iyali. Mutum zai wuni cikin matan mutane, ya kai su kasuwar Gazawa ya maido su. Gwauro, wa zai yarda? Mazanmu sai su hana mu fita.

Jibrilla ya zo daga Sae Sabuwa. Ya tuƙa, muka gani, hannunsa lafiya lau, ko jarka ɗaya ba ta girgiza ba. Ya ce yana da mata da ƴaƴa uku, kuma rumbunsa ya kai ƙasa tun kafin damina. Wallahi ni har na ba shi aikin a zuciyata.

Inna Habsatu, shugabarmu, tana murza tunkuza tana jan sa da hira.

"Babban naka, wa sunansa?"

"Safiyanu," ya ce, kai tsaye.

Hannun Inna ya tsaya. Wane uba ne daga ƙauye zai kama sunan ɗan farinsa garau haka gaban manya, ko ƙasa bai duba ba?

"Ɗana, ba kai ka haifi yaron nan ba," in ji Inna.

Sannan ya ce ƴaƴan yayansa ne, wanda ya rasu bara. Uwarsu ta yi aure, ta bar masa su. Shi bai taɓa aure ba. Ya ji sharaɗinmu a kasuwa, sai ya ƙara zancen mata a kan na ƴaƴan.

Raina ya ɓaci, har yau ban san da wa ba. Na ce, "Inna, mai riƙon marayu uku ai ya fi wani mai matan."

"Ya fi," ta ce. "Da haka ya faɗa mini, da ni zan bi mazanku gida-gida in roƙa masa. Yanzu in ce musu me? Ga wanda ya fara da yi mana ƙarya, ku ba shi matanku?"

Ta cika masa ƙwarya da ƙuli-ƙuli, ta ce na yara ne. Ya karɓa da hannu biyu.

A bakin ƙofa ya juyo.

"Inna, tun da aka raɗa sunan ni nake kiran sa. Mai jin kunyarsa yana ƙasa."

Ya ajiye makullin moton a kan turmi, ya fita.