Gwajin Nonon Mai-kitso

Auta ya sake ture robar madarar da hannu, ya juya kai yana laluben ƙirjin uwarsa. Mai-kitso ta kau da shi, ta miƙa wa 'yar farinta da ke zaune kusa da ita a bencin asibiti. Yau kwana shida rabon da ta ba shi nono. Gaban rigarta ya jiƙe, ƙirjinta ya yi tauri kamar dutse, amma ciwon bai kai tsoron ba.

'Yar farin ta saɓa yaron a kafaɗa, don cikinta na wata bakwai ya cinye wurin zama a cinya. Ta yi ta mita ƙasa-ƙasa, wai mace mai 'ya'ya shida ta bari takarda ta hana ta shayarwa, takardar ma ba tata ba.

Takardar ta maigidan ce. Wata uku da suka wuce masu bincike suka shigo unguwarsu da ke bayan filin gyaran taransfoma, suka ɗebi jinin manya, masu shayarwa kuma suka tatsa musu nono a 'yan kwalabe. Sun ce akwai wani sinadari a tsohon man taransfoma wanda in ya shiga jiki ba ya ruɓewa, sai ya samu kitse ya kwanta shekara da shekaru. A lokacin abin dariya aka mai da shi. Maigidan, da ya yi shekara ashirin da huɗu yana tsoma hannu cikin man, har cewa ya yi in an gama auna jininsa a jona masa waya, ƙila ya ba unguwa wuta. Makon jiya takardar sakamakonsa ta fito, ta nuna sinadarin ya yi yawa a jininsa. Ya dawo gida bai taɓa abinci ba, kuma tun ranar ba a sake jin barkwancinsa ba.

Ita kuwa ta san abin da ta sani. Tun tana amarya yake kawo mata man nan a jarka. Da shi take haɗa man kitsonta, shi ya sa kan matan unguwa ke sheƙi, in an tambaye ta sirrin ta ce hannu ne. Da shi take shafe kaushinta. In jikin mai gyara ya cika, ina ga wadda ke wuni tana murza shi a tafin hannu? Kuma duk abin da ke jikinta, a ganinta, Auta ne ke zuƙe shi.

Aka kira lambarta. Ta miƙe ta shiga.

Ofishin ƙarami ne, firji na gurnani a kusurwa, an jera akwatunan kwalabe masu lambobi har kusa da rufi. Likitar, wata siririya mai tabarau, ta tsaya gaisuwa, ya gida, ya yara, ya mai jiki. Mai-kitso ta amsa a taƙaice, don doguwar gaisuwa a asibiti ba ta cika zuwa da alheri ba.

"Mama, naki yana cikin mafi ƙanƙanta a duk matan da muka auna," in ji likitar. "Ki ba yaronki nono. Ko da ya fi haka ma shawararmu ke nan, amfaninsa ya rinjayi illar."

Mai-kitso ta yi dariya, hawaye suka biyo baya, ta share da bakin mayafi. Da ta yi godiya ta tashi da ta kwashe farin cikinta cif, amma mai kitso da shiru ba sa shan inuwa ɗaya. Ta zayyana wa likitar labarin jarka da man kitso da kaushi, tana mamakin yadda ta tsira.

Likitar ta ajiye biro. Ta ce daga yau kar a sake taɓa man, za a zo a ɗauke jarkar. Sannan ta tambayi 'ya'ya nawa ta shayar, kuma tsawon wane lokaci. Shida har da Auta, manyan biyar kowa shekara biyu, ta farin ma ta ɗara, don da ƙyar aka yaye ta. Likitar ta gyaɗa kai, ta shiga gyara takardun da ba su karkace ba.

Tsoron da ya fita ya dawo ya zauna inda ya tashi.

"Likita, kar ki ɓoye mini. Kun ce abin ba ya ruɓewa. To nawa ina ya tafi?"

"Babbar hanyar fitarsa a jikin mace ita ce nono," ta ce a hankali. "Kowane yaro ya rage miki wani abu. Na fari shi ke ɗaukar kaso mafi yawa."

Ta ci gaba da bayani, cewa ɗauke da sinadarin ba shi ne ciwo ba, da yawa suna tsufa da shi lafiya lau, kuma shekaru sun ja. Sai dai yana iya kaiwa ga ɗan da ke ciki, saboda haka in ɗan farin mace ce kuma tana kusa, yana da kyau a auna ta. Rabin maganar Mai-kitso ta ji. Idonta na kan gilashin ƙofa, inda 'yarta ke kai da kawo da Auta, hannu ɗaya tallafe da baya.

Ta fito, ta karɓi yaron, ta zauna ta yafa mayafi ta sa shi a nono. Ya kama da haushi har yana sarƙewa. 'Yar farin ta sunkuyo tana tambayar me aka ce.

"Sun ce nawa ba komai."

"Alhamdu lillahi. Ai na gaya miki, Umma. Nonon da ya raine ni na yi wannan girman ne zai cuci Auta?"

Mai-kitso ba ta iya ɗaga ido ta dube ta ba. Ta gyara wa yaron kwanciya, ta nuna jakar da ke rataye a kafaɗar 'yar.

"Ajiye jakar nan," ta ce. "Shiga ki ba su jininki. Ina nan ina jiran ki."