Tantabarar Kauthar

Tun asuba Rukayyat take safa da marwa tsakanin falo da kicin, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Motar makaranta ta kusa, ga cunkoson titin Lugbe yana jiranta kafin ta kai ofis, ga kuma 'yarta Kauthar zaune dirshan a ƙasa tana kallon kwali.

Jiya da yamma suka gama aikin. Malama ta ce kowane yaro ya liƙa ƙananan abubuwa da gam su fitar da hoto, yau za a kafe su a bangon aji. Kauthar, wadda ko sunanta ba ta iya faɗa a aji don kunya, ita ta zaɓi tantabara: shinkafa jiki, wake fiffike, gero ƙasa. Da bakinta ta ce za ta tashi ta nuna.

Yanzu babu tantabara, sai busasshen gam.

"Inna, ke kika taɓa kwalin nan?" in ji Rukayyat.

Hajjo, mahaifiyarta da ta zo ganin likita daga ƙauye, ta miƙo kofi cike da tsaba, ko a jikinta. "Na tsince shi tas. Abinci ne fa, 'yar nan. A shafa masa gam a rataye a bango? Ba a gabana ba."

Ran Rukayyat ya ɓaci, amma wa za ta yi wa faɗa? Matar da ta raine ta da tsintar gero a masussuka? Ta duba waya, ta leƙa taga, ta sake duba waya.

Kauthar ba ta yi kuka ba. Ta tura kwalin ƙarƙashin kujera, ta ce a hankali, "Mami, ba sai na tashi ba."

Hajjo ta daɗe tana kallonta. Sai ta kai hannu wuya, ta ciro sarƙar tsakiyar da ba ta rabuwa da ita tun rasuwar mijinta, ta sa haƙori ta tsinke zaren. Duwatsu ja da fari suka watsu a kan tayil.

"Kawo gam ɗin naku," ta ce. "Wannan ba a cinsa."

Mota ta yi ta hon a ƙofar gida har ta gaji ta tafi. Su uku suna durƙushe, Kauthar tana nuna wa kakarta inda idon tantabarar yake.