Huwetos, Ruwan Girkawa

Injiniya Ɗanliti ya sha ruwa ya ƙoshi a wurin aiki, don magudanan ruwan garin College Park, can ƙasar waje, yake zanawa. Bai taɓa zaton ruwa zai biyo shi har cikin gida ba, sai da 'yarsa Afnan ta shiga jami'a ta zaɓi karatun tsohon harshen Girkanci.

Abin yana ci masa tuwo a ƙwarya. Yarinya tana jin Hausa tsaf, amma sai dai ta mayar da Turanci. Kakarta Hajiya Hasiya tana Funtuwa, idanu sun tafi, kunne kaɗai ya rage mata, kuma burinta bai wuce ta ji muryar jikarta da harshen da take ganewa ba. In an haɗa su a waya, Afnan sai ta yi ta murmushi, Hajiya kuwa ba ta ganin murmushi.

Ranar da Afnan ta gabatar da bincikenta, Ɗanliti ya saka babbar riga ya zauna a layin gaba. Mutum bakwai ne a ɗakin, biyu don biskit suka zo. Ta bayyana cewa Girkawan da suna kiran ruwan sama huwetos, daga kalmarsu ta zubar ruwa. Shi ne ruwa mai zuba a tsanake, mamakon da ke zuwa da tsawa kuwa ombros ne. Da fari cewa suke gunkinsu Zeyus ne ke zubo shi. Ɗanliti ya yi a'uziyya a ransa. Ta ce masana sun bi sawun kalmar huwetos har suka tarar da 'yar'uwarta a wani mataccen harshe cikin hamadar yammacin Sin, inda ruwan ma ba ya zuwa. Aka tafa, shi ma ya tafa, don 'yarsa ce.

A hanyar komawa gida ruwa ya tsinke. Ya kasa haƙuri.

"Afnan, yanzu fisabilillahi, duk harsunan duniya ki rasa na koyo sai wanda masu shi suka mutu?"

Ta amsa da Turanci, idonta na kan gilashi. "Shi ya sa, Baba. Duk wanda zai yi wa bakina dariya ya riga ya mutu."

Ɗanliti ya tuna. Tana ƙarama, in ta kwaɓa Hausa yakan ɗauki muryar ya tura zauren dangi a waya, baffanni da gwaggwanni su yini suna maimaitawa. Shi a wurinsa so ne. Yanzu kunya ta kama shi har wuya, ya ƙara wa abin share gilashi gudu ba gaira ba dalili.

Suna tsaye a danja waya ta yi ƙara, ya amsa, muryar Hajiya ta cika motar. Bayanta ana jin ruwa yana dukan kwano.

"Ɗanliti, ruwan fari ya sauka. Ku ma kamar ruwa nake ji a wajenku. 'Yar nan tana kusa?"

"Ga ta nan, Hajiya."

"Afnan, ya ruwa?"

Ɗanliti ya riga ya ja numfashi zai amsa a madadin Afnan kamar kullum, sai ya ji ta gyara murya.

"Ruwa... ya yi gyara, Hajiya."

Ta faɗe shi a karkace, muryar ta hau inda ya kamata ta sauka, kai ka ce Baturiyar mishan ce. Dariya ta taso wa Ɗanliti tun daga ciki, don hali zanen dutse. Ya damƙe sitiyari, ya ciji leɓe har ya ji gishirin jini, ya kafa wa danjar ido.

"Sake faɗa," in ji Hajiya. "Ruwan nan ya hana ni ji."

Ƙarya take, ta ji sarai. Afnan ta saci kallon ubanta, ta ga fuskarsa kamar ta mai karɓar gaisuwar mutuwa. Sannan ta sake faɗa, da ƙarfi.