Fiffiken Motar Ja'afaru

Motar ja ce, gajera, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai gogi ƙasa. Tun ranar da Ja'afaru ya shigo da ita Unguwar Kanawa, a daminar 1994, Rabe bai ƙara jin daɗin tuwo a bakinsa ba.

Benci ɗaya suka zauna a sakandare, Rabe ne ma ke yi masa lissafi. Da aka gama, kawun Ja'afaru ya sama masa aikin kwastan, shi kuwa Rabe ya ƙare a garejin bakin titi yana gyaran wutar mota. Wannan bai ci masa rai sosai ba. Zuwaira ce damuwarsa. Shekara biyu yana zuwa zance wurinta a kan keke, mahaifinta ya san da shi, sai ga jar mota ta fara tsayawa a ƙofar gidan duk Juma'a bayan la'asar.

Motar tana da wani abu a baya, bisa murfin inji, wanda 'yan unguwa suka raɗa wa suna fiffike. A kwance yake, ba a ganinsa. Sai mota ta kai gudun tamanin yake ɗagowa da kansa ya danne bayanta, in ta sassauta ya koma. A cikin gari kuwa, ga ramuka ga 'yan acaɓa, ina za a samu tamanin? Kowa ya ji labarin fiffiken, ba wanda ya taɓa sa shi a ido.

Wata Juma'a da hantsi Ja'afaru ya faka a bakin gareji, ya leƙo ta taga.

"Injiniya, so nake ka ɗaga min fiffiken nan ya zauna a sama. Kullum."

Rabe bai ɗago daga kan batirin da yake kankarewa ba. "Waɗanda suka ƙera ta ba su kai ka hankali ba ke nan."

"Sun fi ni. Unguwar Kanawa ce ba su sani ba."

"Ruwa zai riƙa shiga inji."

"Injinka ne?"

Rabe ya goge hannu ya shiga. Hanya ɗaya ya sani: a sa fiffiken ya tashi, a zare masa fiyus yana sama, ya maƙale a nan. Suka wuce Kawo suka miƙi hanyar Zariya. Akwatin fiyus ɗin a ƙasan sitiyari yake, dole Rabe ya duƙa ya cusa kai wajen ƙafafun Ja'afaru. Karon farko ke nan da ya shiga motar, bai ga titi ba, bai ga komai ba sai baƙin takalmi yana taka totur, da wata leda a ƙarƙashin kujera, turmin atamfa da kwalbar turare a ciki. Bai tambayi na wace ce ba.

Gab da Katabu Ja'afaru ya ce, "Ya tashi. Zare."

Ya zare. Ɗan abu ne shuɗi, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Ya jefa shi a aljihun riga.

Bayan la'asar Rabe ya jingine kekensa a shagon da ke kallon gidan su Zuwaira, ya sayi lemo ya riƙe bai sha ba. Mahaifinta, Malam Ahmadu, yana kan tabarma a ƙofar gida. Tsohon direban ma'aikata ne, shekara talatin da ɗaya yana jan motar gwamnati bai taɓa taka ko kaza ba, kuma ba ya gajiya da faɗa. Mai gudu da mota a wurinsa mai kisan kai ne da bai samu sa'a ba tukuna. Ja'afaru da bakinsa ya taɓa yi masa bayanin fiffiken, yana alfahari.

Jar motar ta shigo lungun a hankali, fiffike a miƙe, yara na binta da ihu. Malam Ahmadu ya kalli fiffiken, ya kalli yaran. Ya miƙe tsaye.

"A lungun nan ka yi tamanin?"

Ja'afaru ya fito ya durƙusa yana dariya. "A'a Baba, ɗaure shi aka yi a sama."

"Kai ka ce min ba ya tashi sai an kai tamanin. Ko ba kai ba ne?"

"Ni ne, Baba. Amma yau aka gyara shi. Ga ma wanda ya yi aikin can. Rabe, zo ka faɗa wa Baba."

Rabe ya tsallako ya gaishe da tsohon. Yana jin fiyus ɗin a ƙirjinsa, ta cikin aljihu. Zuwaira na tsaye a bakin zaure, gyale a kafaɗa.

"Rabe, kai ba ka yi min ƙarya," in ji Malam Ahmadu. "Abin nan yana tashi ba gudu?"

Rabe ya kalli takalmin Ja'afaru. Ya ce, "Ni dai a sanina, Baba, sai mota ta kai tamanin."

"Rabe," in ji Ja'afaru, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Malam Ahmadu ya naɗe tabarmarsa. "Ka ɗauke motarka, yaro. Ba na ba da 'yata ga mai tukin ganganci, balle mai ƙara min da ƙarya. Kada in sake ganin ta a nan."

Lungun bai isa a juya ba. Da baya-baya motar ta fita, fiffike a gaba, yara na tafa mata. Rabe ya ji wani sanyi a ransa, irin wanda ya manta da shi tun farkon damina.

Da tsohon ya shige gida, Zuwaira ta matso. Ba ta gaishe shi ba.

"Ni na tura shi wurinka," ta ce. "Ya ce zai kai ta Legas a yi masa. Na ce ina dalili, ga Rabe, duk Kaduna ba wanda ya kai shi sanin wutar mota. A gaban ƙawayena na faɗa, har suna min tsiya wai na fiye yabon na keke."

Rabe ya kai hannu ya dafe aljihun rigarsa.

"Motar ba ta taɓa damuna ba. Zuwa yake, ina fita don kunyar Baba." Ta miƙo tafin hannu. "Ba ni abin da ka cire."

Ya ciro fiyus ɗin ya ɗora mata. Ta juya shi sau ɗaya, ta rufe hannu.

"Zan nuna wa Baba. Ba don ina son Ja'afaru ba. Kai ma kada ka ƙara zuwa."

Ta shiga zaure. Rabe ya koma shagon ya ɗauki kekensa. Mai shago ya ce, "Lemonka fa, Injiniya?" Bai waiwayo ba.

Har ƙarshen damina jar motar na wucewa ta gaban gareji, fiffike a sama, ruwa na tsiyaya cikin injinta. Ba ta sake tsayawa ba.