Gawo Talatin da Ɗaya

Shekara uku Sa'adatu ta yi tana renon gawo a gamanarta, 'yar gonar da mijinta ya yankar mata a gefen gonar gidansu, gabas da Kore Mairuwa. Duk tohon da ya fito sai ta zaɓi reshe mai ƙarfi ta bari, ta sassabe sauran, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Talatin da ɗaya ne, ta san kowanne kamar yadda ta san tukwanenta. Wasu har sun fi ta tsawo, kuma geron da ke gindinsu ya fi na ko'ina kauri.

A taron mata a meri, ofishin magajin gari, ta ji cewa doka ta sake: itacen da mutum ya rena a gonarsa nasa ne, ya sassabe shi, ya ci amfaninsa, ba mai cin sa tara. Sai dai ma'aikacin gandun daji ya zo ya ƙirga da idonsa, a rubuta takarda da sunan mai shi. Sa'adatu ta kai sunanta, aka ce ranar Laraba.

To, akwai surukinta, Malam Amadu. Tsohon nan ba mugu ba ne, wallahi, amma shi da gawo ba sa ga maciji. Tun yana da ƙarfinsa wani ma'aikaci ya kama shi ya datse reshen gawo a gonar ubansa, aka zaunar da shi a rana wuni guda gaban jama'a, sai da jakinsa ya tafi wajen biyan tara kafin a sake shi. Daga ranar ya yanke hukunci: itacen da ya girma na gwamnati ne, kuma masifa yake jawowa. Shekara talatin da wani abu, ko tsiro bai bari ya kai gwiwa a gonarsa ba. Na gamanar Sa'adatu ya kau da kai ne kawai, don gonar mace ce, kuma ba wanda ya zo dubawa.

Mai hankali zai ce ai sai ta zauna ta yi masa bayani. Ina! Shekara tara tana gidan, bayan gaisuwar safe a durƙushe, kai a ƙasa, ba ta taɓa haɗa magana biyu da shi ba. Matar ɗan fari ce. In yana tsakar gida, ita tana bayan danga. Don haka ta kira mijinta Abdurrazak, wanda ke cin rani a Kwatano, ta ce ya gaya wa Baba yadda abin yake. Ya ce, "Kar ki damu, yau ɗin nan zan kira shi." Abdurrazak kuwa, Allah ya shirye shi, da ya ajiye waya maganar ta bi iska.

Labarin dai ya iske tsohon, amma a kasuwa, kuma guntu: ma'aikacin gandun daji zai zo Laraba ya ƙirga itatuwa a gonar surukarsa.

Ranar Laraba da hantsi ma'aikacin ya iso a kan babur. Musbahu sunansa, saurayi ne mai fara'a, da jakar takardu a kafaɗa. Sa'adatu ta yafa mayafi ta shige gaba, yana tura babur a cikin yashi a bayanta. Murna ta cika ta har tana jin kunyar kanta.

Da suka hawo tudun da ke gaban gonar sai ta tsaya cik. Gamanar fayau take. Ba gawo, ba ƙaya, ba ko ganye. An share ta tas, an baje yashi lumui. A tsakiya Malam Amadu yana zaune a kan ƙotar gatarinsa, rigarsa jiƙe da gumi, tafin hannunsa duk ƙaya ta yage shi. Tun bayan sallar asuba yake aiki. Rassan ma ya ja su ya zuba a kwazazzabo.

Ya miƙe da ƙyar, ya yi wa Musbahu magana da ƙarfi, yadda surukarsa za ta ji ta kwantar da hankalinta.

"Sannu da zuwa, ma'aikaci. Duba da kyau. Gonar ga ba icce ko guda. Yarinyar ga ba ta da laihi, mijinta ba ya gari. In da magana, ni za a yi wa."

Musbahu ya dubi gonar, ya dubi tsohon, ya dubi Sa'adatu. Ya ciro takarda daga jaka.

"Baba, ba tara na zo ci ba. Wannan takarda ce ta mallaka. Ga sunanta nan, Sa'adatu. Adadin itatuwan kawai ya rage in cika, su zama nata, ita da 'ya'yanta. Wanda ya taɓa mata su, shi za a kama."

Tsohon ya ce, "Nata?"

"Nata, Baba. Dokar ta sake."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

Sa'adatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta da wanda za ta yi wa faɗa, don ta san saboda ita tsohon ya yage hannuwansa.

Malam Amadu ya yar da gatarin. Ya taka zuwa wani wuri, ya durƙusa, ya shiga tone yashi da hannu bibbiyu. Kututture ya bayyana, saran sabo, fari fat, yana tsatsar ruwa. Ashe binne su ya yi ɗaya bayan ɗaya.

"Ga guda. Rubuta."

Musbahu ya ce a hankali, "Baba, ba a rubuta kututture. Amma kar a bar su a binne. In saiwar na da rai za su yi toho da damina. In sun tashi, baɗi war haka zan dawo."

Tsohon bai ɗago ba. Ya rarrafa zuwa na gaba, ya tone, ya share masa yashi da gefen rigarsa. Biyu. Uku. Rana ta take, Musbahu ya jingine babur ya kama masa. Sa'adatu ta gangara kwazazzabo ta fara jawo ƙayar da aka zubar, tana mayar wa kowane kututture shingensa.

Wajen azahar tsohon ya zauna daɓas, yana haki.

"Ashirin da tara. Sun cika."

Sa'adatu tana tsaye nesa kaɗan, da reshen ƙaya a hannu. Ta dubi bakin iyaka, inda wasu ƙanana biyu suke binne har yanzu, waɗanda ta fi wahala a kansu. Ta durƙusa kamar za ta yi gaisuwar safe, amma wannan karon ta ɗago kai ta dube shi.

"Talatin da ɗaya ne, Baba. Taho in gwada maka."

Malam Amadu ya dafa ƙasa ya tashi, ya bi bayanta.