Koriyar Motar Falalu

Falalu ya daɗe yana tuƙa adaidaita sahu a cikin Kano, tun yana saurayi da ya baro ƙauyensu na wajen Sumaila. Babur ɗin nasa ne, da guminsa ya gama biyansa. Sai dai a 'yan shekarun nan aikin ya daina riƙe gida. Mai ya yi tsada, 'yan sahu sun yi yawa, ga ciwon baya da ke hana shi sakat in ya wuni yana shan girgiza. Wasu abokansa da suka koma jigilar fasinja daga tashar Unguwa Uku zuwa Dutse suka ce masa harkar da dama-dama. Nan ya ƙudura a ransa zai sayi mota.

Ya sayar da babur ɗin. Matarsa Iyatu ta sayar da injin markaɗenta, wanda da shi take samun na sabulu da na Islamiyyar yara a gidan hayarsu na Ƙauyen Alu. Ba ta yi musu ba, amma ranar da aka zo ɗaukar injin ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da aka tafi da shi. Da aka haɗa kuɗin duka, ko kusa da kuɗin 'yar Kwatano, wato wadda aka shigo da ita daga waje, ba su kai ba. Sai dai ta hannu, wadda ta riga ta sha titin ƙasar nan.

Falalu yana da aboki makanike, Sagiru, mai gareji a Unguwar Gano. Shi ya riƙa raka shi wuraren dillalan mota da ke gefen titin Zariya, ta wajen Gyaɗi-Gyaɗi.

"Kada fenti ya ruɗe ka," in ji Sagiru. "Da sassafe za ka zo, kafin su ɗumama injin. Ka tayar da ita da kanka, ka koma baya ka ga kalar hayaƙin. Ka buɗe wajen baƙin mai, in ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ka kama gabanka. Sannan ka shiga ƙarƙashinta. Duk ƙaryar mota a ƙarƙashi take."

Haka suka yi ta yawo. Wata tana shan baƙin mai, wata giyarta na ƙugi, wata kuma takardunta ba su yi daidai da lambar injin ba. A Babban Giji suka samu wata fara ta wani ma'aikacin gwamnati, mummuna, ƙofarta a lotse, amma Sagiru ya ce lafiyarta ƙalau. Kuɗinta ya ɗan ɗara abin da ke hannun Falalu, ya ce bari ya je ya nemo ciko. Kafin ya haɗa, an sayar.

Ana cikin haka aka aiko wa Sagiru mahaifiyarsa ba lafiya a Gaya, ya rufe gareji ya tafi jinya. Falalu ya rage shi kaɗai, ga shi ba sana'a. Kullum garin Allah ya waye sai an taɓa kuɗin motar an yi cefane. In ya shigo da yamma sai Iyatu ta kalli hannunsa, ta ga babu makulli, ta mayar da kai ga abin da take yi.

Wata safiya da aka kwana ana ruwa, wani dillali da ake ce wa Alhaji Murtala ya kira shi a waya, ya ce ga irin tasa ta shigo. Koriya ce mai dogon baya, irin wadda 'yan haya ke so saboda tana cin kaya. Falalu ya yi duk abin da aka koya masa. Ya dafa bonet ya ji da sanyi, ya tayar da ita, ta tashi bugu ɗaya. Babu hayaƙi. Baƙin mai garau. Takardu sun cika. Ya zagaya da ita har Kotu Rod ya dawo, giya tana shiga kamar ta sabuwa. Saura ƙarƙashi. Filin duk taɓo ne, shi kuma yana sanye da farar shadda. Ya durƙusa ya leƙa, ya ga an shafe ko'ina da wani baƙin abu kamar kwalta.

"Alhaji, wannan baƙin fa?"

"Maganin tsatsa ne. Mai ita mutum ne mai kula da kayansa. Malam Falalu, in ba ka shirya ba ka faɗa min, akwai wanda zai zo bayan azahar da kuɗinsa a hannu."

Falalu ya tuna da farar motar Babban Giji. Ya biya.

Ranar yara har rawa suka yi a ƙofar gida. Iyatu ta fito da mayafi ta zauna a gaba, ya kai su gidan yayarta a Tarauni, ta riƙa shafa kujerar tana murmushi. Ya yi rajista a tasha, ya fara lodi.

Ba a jima ba ya lura motar tana janyewa hagu in ya sassauta riƙon sitiyari. Tayar baya ɗaya ta cinye ta ciki kamar an fere ta da wuƙa. Ƙofar baya kuma sai an doka ta da ƙarfi take rufuwa. Da Sagiru ya dawo daga Gaya, bayan an yi bakwai ɗin mahaifiyarsa, Falalu ya je yi masa gaisuwa da motar. Sagiru ya ce ya hau da ita kan rami. Ya shiga da tocila da sukundireba, ya fara kankare baƙin nan. Can sai ya leƙo daga ramin.

"Sauko ka gani," ya ce.

Falalu ya sauka. Daga wannan gefe zuwa wancan, daidai ƙarƙashin kujerar baya, layin walda ne kumbure-kumbure, wani wajen har ya fara tsagewa.

"Mota biyu ka saya, mutumina. Gaba daban, baya daban. Kowacce ta yi hatsari, aka yanke rabin da ya tsira aka haɗa. Injin kam mai kyau ne, ban ce ba. Amma ranar da ka faɗa babban rami da lodi, rabuwa za ta yi."

"Ba za a sake waldar ba?"

"Ƙarfen ya riga ya mutu. Ko an ƙara, gefen ne zai yage. Ni dai ba zan sa hannuna ba."

Falalu ya fito daga ramin ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Sagiru ya miƙo masa ruwa.

Alhaji Murtala bai ko tashi daga kan bencinsa ba da ya ji ƙorafin. Ya ce shi ma haka aka kawo masa, kuma Falalu ya duba da idonsa, ya tuƙa da hannunsa, ciniki ya ƙare. Da ya ga Falalu ya fara ɗaga murya, mutane suna juyowa, sai ya ja shi gefe.

"Kwantar da hankalinka. Ka bar ta nan. Zan sa a sake shafe wajen, mu nemo mai saye. In cire la'adata, ka karɓi sauran, ka je ka nemi wata. Abu ɗaya kawai, in mai saye ya zo, ka bar ni in yi magana."

Falalu ya ajiye makulli ya tafi gida a ƙasa.

Ranar Asabar aka kira shi ya zo da takardu, an samu mai saye. Wani dattijo ne siriri mai furfura, Malam Ɗahiru, tsohon malamin firamare da aka biya shi kuɗin sallama bayan ya gaji da jira. Ya ce matarsa ce ke fama da ciwon ƙoda, duk mako sai an kai ta asibiti, hawa da saukar adaidaita yana wahalar da ita. Ya zagaya motar, ya ji ƙarar injin, ya gyaɗa kai. Ko leƙa ƙarƙashi bai yi ba, gwiwoyinsa ba za su bari ba. Alhaji Murtala yana ta zuba, har da rantsuwa. Dattijon ya bari ya gama, sannan ya juyo wajen Falalu.

"Ɗana, kai ne mai ita. Ni ban san komai a kan mota ba. Tsakaninka da Allah, akwai wani aibi da ka sani?"

Alhaji Murtala ya yi gyaran murya. Falalu ya dubi ƙasa. Ya tuna buhun masararsu saura kaɗan, mai gidan haya kuma ya aiko. Ya ɗago kai.

"Baba, kada ka saya," ya ce. "Haɗi ce. A tsakiya aka yi mata walda."

Malam Ɗahiru ya daɗe yana kallonsa. Ya ce Allah ya yi masa albarka, ya gyara hularsa ya fita bakin titi ya tari ɗan sahu. Alhaji Murtala ya jefo wa Falalu makullin a ƙasa, ya ce ya kwashe tsiyarsa ya bar masa fili, kuma ya ga dillalin da zai sake karɓarta a layin nan.

'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun taya, abin da suka faɗa ko rabin kuɗin tsohon babur bai kai ba. Motar ta kwana biyu a ƙofar gida, yara suna wasa a kanta. Ranar da masara ta ƙare, Falalu ya yi sallar asuba ya ɗauki makulli. Iyatu tana bakin murhu.

"Ina za ka, Baban Hafsat?"

"Tasha."

"Da motar da ka ce wa tsoho kada ya sa matarsa a ciki?"

"A hankali zan riƙa tafiya. Na san inda ramukan suke. In na tara kaɗan sai in rabu da ita."

"Su waɗanda za ka ɗauka, za ka faɗa musu?"

Ya sa kai ya fita. Ba ta tsayar da shi ba, don ba ta da abin da za ta ɗora a kan wutar.

Ya koma lodi. Yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, fasinjoji suna mita, wasu suna ce masa ko koyo yake yi. Ya daina karɓar kaya masu nauyi, ɗan kamashon tasha ya fara jin haushinsa. In ya ji ƙaramin ƙara daga baya sai ya kama salati a ɓoye. Abinci ya dawo gidan, amma shi ya rame.

Abin ya faru ne wata ranar kasuwar Wudil, da rana tsaka, a hanyarsa ta dawowa. Wata tirela ta taho ta cinye masa hannu, ya kauce, tayar baya ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ya ji ƙara kamar an karya itace. Bayan motar ya zauna a kan kwalta, sitiyari ya ƙwace, suka gangara cikin kwatami. Da yake ba gudu yake yi ba, babu wanda ya mutu. Shi ya karye a ƙashin kafaɗa. Wata mata da ke zaune a baya, Jummai, mai sarin daddawa tana kawowa Kano, ƙarfe ya danne mata ƙafa, sai da mutanen gari suka kawo gatari da ƙarafa kafin a zaro ta.

Aka sayar da injin motar, aka sayar da ragowar a kilo. Duk abin da aka samu a jinyar Jummai ya tafi, bai ma isa ba. Ƙafar ta haɗe a karkace. Ta bar zuwa kasuwa, ta dawo gidan ƙaninta a Tarauni da zama, saboda kusa da asibiti.

Da kafaɗarsa ta warke, Falalu ya samu babur ɗin wani Alhaji yana tuƙawa, kullum da yamma ya kai masa balas, wato kason mai babur. Iyatu ta koma yi wa maƙwabta wankau. Duk ranar da Jummai za ta je a duba ƙafar, shi ke zuwa ya ɗauke ta, ba ya karɓar ko sisi. Takan fito da sanda, ƙaninta ya tallafa mata ta hau, ta jawo ƙafar da hannu biyu ta shigar.

Rannan suna tsaye a danjar Gyaɗi-Gyaɗi, rana ta take, ta ce masa daga baya, "Malam Falalu, kai dai Allah ya saka maka. Wani direban da tuni ya gudu. Ka daina damun kanka, wa ya san haka za ta faru? Ai ba ka sani ba."

Ya riƙe kan babur ɗin da ƙarfi. Ya buɗe baki, ya juyo kaɗan har ya hango sandarta a jingine da kujera. Na bayansa suka fara danna masa oda, danja ta ba da hannu.

"Amin, Yaya Jummai," ya ce. Ya ja babur ɗin suka wuce.